Shiga kwamfuta daga nesa ko kula da na'urori: wace manhaja kamfaninka yake buƙata?

Duk mai kamfanin da ma'aikatansa suka fara yawa, kowa da kwamfuta ko wayar aiki a hannu, wata rana sai wani ya ba shi shawarar sayen manhajar da za ta rage masa wahalar kula da su. Wannan ya ce TeamViewer ko AnyDesk, wancan ya ce Intune ko Jamf. Masu tallar kayan ma ba sa sauƙaƙa lamarin, domin kowannensu cewa yake nasa yana yin komai. Alhali kuwa manyansu iri biyu ne, kowanne da aikinsa. Wanda ya sayi ɗaya alhali ɗayan yake buƙata, zai yi ta biyan kuɗi duk wata, matsalarsa kuma tana nan daram.

Iri na farko shi ne manhajar shiga kwamfuta daga nesa. Aikinta bai da wuyar ganewa: mutum yana zaune a Kano, ya ga fuskar kwamfutar da ke Zariya a tasa, ya motsa linzaminta, ya yi rubutu a cikinta, kamar yana gabanta. TeamViewer, wadda wani kamfanin Jamus ya fito da ita a 2005, da AnyDesk, ita ma ta Jamus wadda ta zo a 2014, su suka fi suna a wannan fage. Akwai Chrome Remote Desktop ta Google wadda kyauta ce, akwai Splashtop, akwai kuma Quick Assist da ke zuwa tare da Windows. Yawancinsu hanya ɗaya suke bi. Kowace kwamfuta tana samun lamba tata, mai neman taimako ya karanta wa mai gyara lambar da kalmar sirri, manyan kwamfutocin kamfanin manhajar su haɗa su biyun. Shi ya sa ba sai an taɓa saitin intanet na ofis ba kafin su yi aiki.

Shigar kanta iri biyu ce, kuma bambancin yana da muhimmanci. Akwai wadda sai mai kwamfutar ya danna amincewa kafin a shiga, yana kallon duk abin da ake yi, yana iya katsewa duk lokacin da ya so. Akwai kuma wadda ake saitawa sau ɗaya, daga nan mai gyara ya riƙa shiga ko da tsakar dare ne, babu kowa a ofis. Ta biyun ta fi daɗin aiki, ta kuma fi haɗari.

Iri na biyu shi ne manhajar kula da na'urori, wadda masu sana'ar ke kira MDM. Ita ba ruwanta da nuna maka fuskar kwamfutar wani. Abin da take yi shi ne ta yi wa kowace na'urar kamfani rajista, kwamfuta ce, waya ce ko tabulet, sannan ta ɗora musu dokoki daga wuri ɗaya. Kai ne za ka ce kowace waya dole a sa mata lambar kulle. Kai za ka ce kowace kwamfuta a rufe ma'ajiyar bayananta da BitLocker idan Windows ce, ko FileVault idan Mac ce, yadda ko ɓarawo ya zare ma'ajiyar ba zai iya karanta komai ba. Kai za ka zaɓi manhajojin da za a saka da waɗanda aka hana, da lokacin da za a sabunta su. Idan ma'aikaci ya mance laftop a cikin adaidaita sahu, ka kulle ta ko ka goge abin da ke ciki daga ofis, da zarar ta hau intanet umarnin ya isa gare ta. Microsoft Intune, da Jamf wadda ta ƙware a kayan Apple, da Knox na Samsung, da kayan ManageEngine, duk a wannan rukuni suke. Masu amfani da Google Workspace ma suna da wani ɓangare na irin wannan aikin a cikin abin da suka riga suka biya.

In ana son misali, a ɗauki kamfanin da ke da motocin haya da yawa. Manhajar shiga daga nesa ita ce bakaniken da ake kira idan mota ta tsaya a hanya. Manhajar kula da na'urori kuwa ita ce ofishin da ke riƙe da littafin motocin, ya san guda nawa ne, wa ke tuƙa wacce, yaushe aka yi mata juyen mai, wacce takardunta suka ƙare. Bakanike ba zai gaya maka motoci nawa gare ka ba, littafi kuma ba ya tada mota.

Saboda haka tambayar farko da mai kamfani zai yi wa kansa ba ta sunan manhaja ba ce. Me ya fi ci masa tuwo a ƙwarya? Idan kukan kullum shi ne firinta ta ƙi bugawa a reshen Katsina, manhajar lissafi ta maƙale, sai an tura yaro ya hau mota ya je ya duba, to shiga daga nesa yake buƙata, kuma kuɗinta zai fita tun daga kuɗin motar da aka daina kashewa. Haka kuma akawun da ke son ya yi aiki da kwamfutar ofis daga gida, ko ɗan kwangilar da ya sayar maka da manhajar sito yake zuwa gyara jefi-jefi. Amma idan abin da ke hana ka barci shi ne ba ka san kwamfutoci nawa ne a hannun ma'aikata ba, wani ya bar aiki ya tafi da wayar kamfani da lambobin abokan ciniki a ciki, ko kana da tabulet hamsin a hannun masu tallar kaya suna kallon fim da datar kamfani, shiga daga nesa ba za ta yi maka maganin komai ba. Ba wanda zai iya bin na'ura hamsin ɗaya bayan ɗaya kowane mako yana duba ko an sabunta su.

Yawan na'urori ma yana da ta cewa, amma bai kai irin bayanan da ke cikinsu ba. Shagon sayar da taya mai kwamfuta ashirin zai iya lallaɓawa da shiga daga nesa da ɗan littafin rajista. Asibiti mai kwamfuta shida, ko ofishin lauya, ko ƙaramin bankin ba da rance, ba shi da wannan uzurin, domin abin da ke cikin na'urorinsa sirrin mutane ne. A Najeriya, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta wajabta wa mai riƙe da bayanan mutane ya sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC cikin awa 72 idan aka yi masa ɓarnar da za ta iya cutar da masu bayanan. Laftop ɗin da ta ɓata a rufe ruf daban take da wadda ta ɓata a buɗe, kuma manhajar kula da na'urori ce za ta ba ka shaidar cewa a rufe take.

Akwai iri na uku da ya tsaya a tsakiya, wanda ake kira RMM, irin su NinjaOne, Atera da Kaseya VSA. Yana sa ido kan lafiyar kwamfutoci, yana sabunta su, yana kuma da ƙofar shiga daga nesa. An fi yin sa ne domin kamfanonin da ke karɓar kwangilar kula da kwamfutocin wasu kamfanoni. Idan ka ba wani irin wannan kwangilar, akwai yiwuwar da shi yake aiki a kan na'urorinka ko bai gaya maka ba, kuma haƙƙinka ne ka tambaya.

Abin da masu talla ba sa son daɗewa a kansa shi ne tsaro. Kowacce daga cikin manhajojin nan ƙofa ce da ka buɗe da hannunka, kuma duk wanda ya sami hanyar bin ta ya sami ikon da kai kake da shi. A ranar 2 ga Yulin 2021, gungun masu kutse da ake kira REvil suka bi ta wata ɓaraka a manhajar Kaseya VSA, suka aika manhajar garkuwa da bayanai zuwa kwamfutocin da take kula da su. Kamfanonin da abin ya shafa kai tsaye ba su wuce sittin ba, amma da yake yawancinsu 'yan kwangila ne masu kula da wasu, ɓarnar ta kai ga kamfanoni kusan 1,500. A Suwidin, kantunan Coop kimanin 800 suka rufe saboda na'urorin karɓar kuɗi sun tsaya cak. Masu kutsen suka nemi dala miliyan 70. A watan Agustan 2024 kuma aka kutsa cikin Mobile Guardian, manhajar kula da na'urorin ɗalibai, aka goge na'urorin yara kusan 13,000 a makarantun Singafo. Ikon gogewa daga nesa da aka saya domin tsoron ɓarawo, shi ɗin ne aka juya a kansu.

Ɓangaren shiga daga nesa ma bai tsira ba. A Fabrairun 2024 AnyDesk ya sanar cewa an kutsa cikin na'urorinsa, ya nemi masu amfani da shi su sauya kalmar sirri su kuma sauke sabuwar manhaja. Sai dai abin da ya fi yawa a wannan ɓangaren ba kutse ba ne, damfara ce. Wani ya bugo waya ya ce shi daga banki yake ko daga sashen kula da kwamfutoci, ya lallaɓi ma'aikaci ya saka AnyDesk ya karanto masa lamba, ko ya buɗe Quick Assist ya shigar da lambar da mai wayar ya ba shi. Microsoft da kansa ya yi gargaɗi a 2024 cewa wani gungu yana bin wannan hanyar wajen shigar da manhajar garkuwa da bayanai cikin kamfanoni. Manhajar halal ce, shi ya sa manhajojin kariya sau da yawa ba sa ƙorafi idan ta shigo. A nan ne ma iri biyun ke haɗuwa: kamfanin da ke da manhajar kula da na'urori yana iya hana saka kowace manhajar shiga daga nesa ban da guda ɗaya da ya amince da ita. Ga masu amfani da Remote Desktop na Windows kuwa, barin ƙofarsa mai lamba 3389 a buɗe ga intanet ganganci ne, domin akwai masu bin ta dare da rana suna gwada kalmomin sirri.

Don haka kafin a kai ga farashi, akwai abubuwan da ba a sassauci a kansu. Dole manhajar ta kasance da tantancewa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara da lambar da ke zuwa a waya. Dole kowane mai gyara ya sami asusunsa, ba asusu ɗaya da mutum huɗu suka san sirrinsa ba. Dole ta riƙa rubuta wa ya shiga, yaushe, cikin wace na'ura. Kuma ranar da mai kula da kwamfutoci ya ajiye aiki, ko aka rabu da ɗan kwangila, a ranar ake soke asusunsa. A ganina wannan na ƙarshen shi aka fi sakaci da shi, saboda kunya da zumunci, ba don yana da wuya ba. Babban asusun kuma ya kasance da sunan kamfani da adireshin imel na kamfani, kada a buɗe shi da na wani ma'aikaci.

Kuɗi kuwa, lissafin kowanne daban ne. Masu manhajar shiga daga nesa galibi suna caji ne bisa yawan masu gyara ko yawan shigar da za a iya yi lokaci guda. Masu manhajar kula da na'urori suna caji bisa kowace na'ura ko kowane ma'aikaci, don haka kuɗin yana hawa yadda kamfani ke girma. Yawancinsu da dala ake biya, wanda duk mai kasuwanci da naira ya san abin da hakan ke nufi tun daga 2023. Kyautar TeamViewer da AnyDesk ta amfanin kai ce kawai, kuma idan suka lura aikin kasuwanci ake yi sukan fara katse zaman, yawanci a lokacin da aka fi buƙatarsa. Kafin ka sayi sabon abu, duba abin da kake biya yanzu: wanda ke kan Microsoft 365 Business Premium, tsarin da ake sayar wa kamfanonin da ma'aikatansu ba su wuce 300 ba, Intune na cikin kuɗinsa.

Sai yanayin wurin aiki. Shiga daga nesa tana son intanet mai ƙarfi a ɓangarori biyun a lokaci guda, kuma kwamfutar da ke kashe saboda an ɗauke wuta ba ta shiguwa. Manhajar kula da na'urori ta fi haƙuri, domin umarni yakan jira har na'ura ta hau layi. Irin Windows ɗin da ke kan kwamfutocin ma abin dubawa ne. Windows Home ba ta karɓar shiga ta Remote Desktop, kuma dokoki da yawa na kamfani ba sa hawa kanta, sai Pro. Windows 10 kuma Microsoft ya daina ba ta sabuntawar tsaro ta kyauta ga kamfanoni tun 14 ga Oktoban 2025. Masu sayen laftop na hannu daga waje su ma su yi hattara: wani lokacin na'urar tana nan cikin rajistar tsohon kamfaninta, da zarar an goge ta an haɗa da intanet sai ta nemi asusun wancan kamfanin. A gwada wannan a gaban mai sayarwa kafin a biya.

Batun wayoyin ma'aikata na kashin kansu yana buƙatar hankali. Ba wanda zai ji daɗi a ce maigida yana iya goge hotunan iyalinsa. Android na da tsarin da ke raba waya gida biyu, ɓangaren aiki da na mai waya, kamfani ya ga nasa kawai ya kuma goge nasa kawai. Apple ma na da irinsa. A yi amfani da wannan, a kuma rubuta wa ma'aikata a takarda abin da kamfani ke iya gani da wanda ba ya iya gani, kowa ya sa hannu.

Hukuncina shi ne, ƙaramin ofis mai kwamfutoci kaɗan da ba ya riƙe sirrin jama'a ya sayi lasisin manhajar shiga daga nesa guda ɗaya, ya kunna tantancewa mai mataki biyu, ya isa. Kamfanin da na'urorinsa ke yawo a hannun ma'aikata, ko yake riƙe da bayanan marasa lafiya, ɗalibai ko masu ajiya, ya fara da manhajar kula da na'urori, ya ƙara ta shiga daga nesa daga baya a ƙarƙashin dokokinta. Kowacce ka zaɓa, yawancin kamfanonin suna ba da gwajin kyauta na 'yan makonni. Ka gwada a kan na'urori biyar a reshen da intanet ɗinsa ya fi rauni kafin ka biya kuɗin shekara.