Hunturu a Gidan Masu Shiru

Can cikin duwatsun Faransa, kusa da Grenoble, dusar ƙanƙara kan lulluɓe gidan sufayen Katolika na Grande Chartreuse, wanda Waliyyi Bruno ya kafa a 1084. Sun san kaifinta: a Janairun 1132 ta zaftaro daga dutse ta binne gidan farko, sufaye bakwai suka rasu.

Kowane sufi na ɗakinsa shi kaɗai, da ɗan murhu, kuma da hannunsa yake faskara icen jin ɗumi. Abinci ta ƙaramar taga ake miƙo masa, babu nama.

Tsakar dare, sanyi na ratsa ƙashi, ƙararrawa ta kira su majami'a, su kwashe sama da awa biyu suna rera addu'a. Sau ɗaya a mako suke fita tattaki bibbiyu, suna hira a hanya.