Ma'aikatan Ɓoye A Saiwar Waken Soya

Manomin da ya tumɓuke waken soya kimanin mako shida bayan shuka zai ga waɗansu 'yan ƙululai manne da saiwarsa. Waɗansu sukan ɗauka cuta ce, alhali kuwa a nan albarkar gonar take.

A cikin kowane ƙululu akwai ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, masana na kiransu Rizobiyam. Kashi 78 cikin 100 na iskar da ake shaƙa naitirojin ne, watau sinadarin nan da manomi ke saye da tsada a buhun Yuriya, amma shuka ba ta iya ɗaukarsa kai tsaye daga iska. Ƙwayoyin nan su ke kama shi su mai da shi abincin shuka, ita kuma ta biya su da sukarin da ganyenta ke haɗawa. Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ke nan. Masana biyu na Jamus, Hellriegel da Wilfarth, su suka tabbatar da haka a 1886.

To, amma waken soya baƙo ne daga ƙasar Sin, kuma irin ƙwayoyin da ya saba da su ba su da yawa a ƙasar noman Afirka. Saboda haka ne Cibiyar IITA ta Ibadan, wadda aka kafa a 1967, ta fitar da irin TGx, wanda ke ƙulla zumunci da ƙwayoyin da ke cikin ƙasar tun asali. Akwai kuma wani baƙin gari mai ɗauke da ƙwayoyin, wanda akan cuɗa iri da shi da ruwan ƙaro, a shanya a inuwa, a shuka ran nan, domin zafin rana na kashe su.

Gane aikinsu ba wuya. In aka fasa ƙululu aka ga cikinsa ja-ja, to suna aiki. In fari ne ko kore, ba sa aiki. Shukar da ta rasa su takan tsumbure, ganyenta ya yi rawaya, kwanso ya ƙaranta. Takin Sufa na ƙarfafa su, amma yawan Yuriya na hana ƙululan fitowa, ga asarar kuɗi a banza.

Amfanin bai tsaya nan ba. Masarar da ta biyo waken soya a gona takan mori abin da ya bari, ƙuduji kuma ya ragu. Manomin da ya kula da saiwa, rumbunsa zai shaida.