Noman Gajeren Kokwamba A Cikin Bokiti Da Tukunya

Duk wanda ya taɓa ratsa gonar kokwamba ya san cewa tsiro ne mai yaɗo, ɗan'uwan kabewa da kankana da duma da gurji. Masana kimiyya suna kiransa Cucumis sativus, asalinsa kuwa ƙasar Indiya ce. Irin da aka saba nomawa yakan miƙe ya kai mita 2 ko fiye, shi ya sa wanda ba shi da fili sai tsakar gidan da aka dafe da siminti bai cika sa ran noma shi ba.

Masu binciken inganta iri sun daɗe da kawar da wannan cikas. A Jami'ar Cornell ta Amurka, Farfesa Henry Munger ya fitar da wani iri mai suna Spacemaster, wanda yaɗonsa bai cika wuce santimita 60 zuwa 90 ba. Akwai kuma Salad Bush, wanda ya ci lambar yabo ta sababbin iri a Amurka a 1988. Abin da aka gajarta a jikinsu shi ne tazarar da ke tsakanin ganye da ganye. Amma ganyen yana nan da faɗinsa, 'ya'yan ma suna nan da girmansu, kuma kimanin kashi 95 cikin 100 na nauyin kowane ɗa ruwa ne. Wato gajartar ta rage bukatar fili, ba ta rage ƙishirwa ba. A nan ne mafi yawan masu gwadawa suke tuntuɓe, domin sukan ɗauka cewa ƙaramin tsiro gwangwanin madara ma ya ishe shi.

Kowane tsiro guda yana bukatar mazubi mai cin aƙalla lita 20. Bokitin fenti da aka wanke sarai, ko jarkar da aka yanke wa kai, duk suna yi, muddin an huda ƙasansu don ruwa ya riƙa tsiyayewa. A ganinmu tukunyar ƙasa ta fi su duka a yanayinmu. Yadda randa take sanyaya ruwan sha ta hanyar gumin da ke fita ta jikinta, haka take sanyaya saiwa, alhali baƙar roba idan rana ta buge ta takan gasa saiwoyin da suke jingine da ita. Illar tukunya ɗaya ce, ta fi saurin bushewa. Wanda roba kawai yake da ita sai ya naɗe ta da tsohon buhu. A cika mazubin da ƙasa mai laushi kashi biyu, takin dabbobi da ya ruɓe kashi ɗaya, da ɗan yashi ko ƙaiƙayin shinkafa. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi.

Kokwamba ba ya son a taɓa masa saiwa, saboda haka ya fi kyau a shuka shi kai tsaye maimakon a dasa. A binne ƙwaya 3 a zurfin santimita 2. Idan ƙasa tana da ɗumi, wajen digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas, zai tsiro cikin kwana 3 zuwa 7, amma ƙasa da digiri 15 irin yakan kwanta ya ruɓe, don haka shukar tsakiyar hunturu takan yi jinkiri. Bayan ganye na gaskiya ya fito, a bar mafi ƙarfi, sauran a datse su da almakashi, kada a tuge. Yana bukatar rana ta awa 6 ko fiye, ta safe ta fi, sannan a bazara a ba shi ruwa safe da yamma, a gindi ba a kan ganye ba, domin jiƙaƙƙen ganye shi ke gayyato cutar fumfuna.

Wajen mako na biyar furanni masu ruwan ɗorawa za su fara buɗewa, sai kuma su bushe su zube ba tare da sun bar komai ba. Da yawa a nan suke yanke ƙauna su tuge tsiron, suna cewa irin juya ne. Alhali ba abin da ya same shi. Kokwamba yana fitar da fure iri biyu a jikin tsiro guda, namiji da tamata, kuma mazan ne suke riga fitowa da mako guda ko biyu. Aikinsu samar da garin barbara ne kawai, sai su faɗi. Ana gane tamata da ɗan mitsitsin kokwamba da ke maƙale a bayan furen, namiji kuwa siririn tsinke ne ke riƙe da shi. Tsananin zafi yana sa tsiron ya yawaita maza, sanyin dare kuma yana ƙara mata. Shi ya sa shukar watan Afrilu takan cika da fure amma ta yi rowar 'ya'ya.

Ko da matan sun fito, sai an kai musu garin. Yana da nauyi da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa, ƙudan zuma ne ke wannan jigila, kuma kowane fure kwana ɗaya tak yake yi a buɗe. A tsakiyar birni, ko a saman bene, zuma ba ta cika zuwa ba, sai mai shuka ya maye gurbinta. Da sassafe a tsinko namijin da ya buɗe a ranar, a cire masa ganyen furen, a goga tsakiyarsa a hankali a tsakiyar tamata. Idan garin da ya isa bai wadata ba, ɓangaren da ya sami ƙwaya ne kawai zai kumbura, ɗan ya fito a karkace ko da siririn wuya. Akwai wasu ire-iren da suke yin 'ya'ya ba tare da barbara ba, waɗanda aka fi nomawa a rumfunan leda. Takardar irin takan bayyana haka.

Sai maganar ɗaci. Dangin kabewa suna da wani sinadari mai suna kukurbitasin, makamin da suke kare kansu da shi daga masu cin su. A 2014 masana a ƙasar Sin sun bayyana ƙwayoyin gado 9 da suke haɗa shi a jikin kokwamba, suka kuma nuna cewa abin da ke kunna su a ganye dabam yake da wanda ke kunna su a cikin 'ya'ya. A ire-ire da dama ɗacin yana tsayawa a ganye, amma idan tsiron ya wahala, musamman in ana barin ƙasa ta bushe ƙayau sannan a malale ta, yakan bayyana a ɗan, ya fi taruwa a ɓawo da wajen tsinke. Ƙaramin mazubi kuwa kullum cikin wannan hali yake jefa tsiro.

Ana fara tsinka kwana 50 zuwa 60 bayan shuka. A riƙa yanke su suna kore shar, domin ɗa guda da aka bari ya nuna ya yi rawaya yakan sa tsiron ya rage sabon fure. Irin da aka rubuta F1 a takardarsa haɗe ne, ƙwayarsa ba za ta maimaita uwar ba, don haka ba a ajiye ta don baɗi.

Malamin kimiyya zai iya mayar da bokiti biyu ɗakin gwaji. Da yamma ɗalibai su zaɓi furanni mata 6 da za su buɗe washegari, su lulluɓe kowanne da ƙyallen tsohon gidan sauro. Da safe a yi wa 3 barbara da hannu a sake rufe su, sauran 3 a bar su yadda suke. A riƙa auna tsawonsu da rula kullum ana rubutawa. A irin da ke bukatar barbara, kafin mako ya zagayo na farko za su miƙe, na biyun kuwa su yi rawaya su yanƙwane su faɗi.