Ƙwallon Lambu a Jami'ar Howard: Ba Curry Ya Fara Haƙa Ramin Ba

A farkon watan Mayun 2022 ƙungiyar maza ta 'yan ƙwallon lambu ta Jami'ar Howard da ke birnin Washinton ta ɗauki kofin PGA WORKS a Filadelfiya, alhali kakarta biyu kacal da fara wasa. Ɗalibinta Greg Odom Jr., ɗan birnin Memfis, shi ya fi kowa a gasar shekara biyu a jere, kuma a cikin wannan makon na gasar ya buga cikin ƙwararru, da gurbin da aka ba shi, a gasar Wells Fargo. Labarin ya iso mu ta Facebook, kuma kusan duk wanda ya yaɗa shi hoton mutum ɗaya ya maƙala: Stephen Curry, gwanin ƙwallon kwando na Golden State Warriors, wanda ya sa kuɗinsa aka tayar da ƙungiyar. Abokin aikina da muke shan shayi tare ya leƙa wayata ya taɓe baki. A ganinsa kuɗi ne suka yi wa yaron yawa har ya rasa inda zai kai su, sai ya ɗauki wasan attajiran Turawa ya kai wa baƙar fata. Na ce masa, Malam, ka karanta labarin daga tsakiya. Kuma ba shi kaɗai ba ne, don hatta jaridun can da yawa daga tsakiyar suka ɗauko shi.

Abin da ya faru a taƙaice shi ne: a watan Janairun 2019 Curry ya je Howard wajen nuna wani fim da ya sa hannu aka shirya a kan kisan da aka yi wa masu ibada tara a wani cocin baƙar fata a Charleston a 2015. Bayan an tashi wani ɗalibi ya tare shi da zancen golf, wato ƙwallon lambu, ya gaya masa yana son wasan amma makarantarsu ba ta da ƙungiya. A watan Agustan shekarar Curry ya sanar da cewa zai ɗauki nauyin ƙungiyoyi biyu, ta maza da ta mata, har shekara shida. Aka ɗauko koci Sam Puryear a 2020, mutumin da yake mataimakin koci a Stanford lokacin da ta ci kofin ƙasa a 2007, ya kuma jagoranci ƙungiyar Michigan State. Wasan kansa ba sai na ɓata tawada ba: rami 18 ne, wanda ya jefa ƙwallo da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. A gasar jami'o'i kowace makaranta tana fitar da mutum biyar, a lissafa sakamakon huɗun da suka fi, yawanci zagaye uku.

To, ina aka yi sanarwar ta Agusta? Ba a ɗakin taron jami'a ba. A filin Langston aka yi ta, kuma wannan zaɓin shi ne kan zancen da aka tsallake.

An buɗe filin Langston a 1939 a gefen kogin Anacostia, a wurin da a da juji ne, da rami tara kawai. Sai a 1955 aka cika shi 18. Sunan John Mercer Langston aka sa masa, shugaban farko na tsangayar shari'a ta ita Howard ɗin, kuma baƙar fata na farko da jihar Bajiniya ta tura majalisar wakilai. Gwamnati ba ta wayi gari ta ba da filin don alheri ba. Ƙungiyoyi biyu na baƙar fata ne suka hana ta sakat. Ɗaya ta maza, Royal Golf Club. Ɗayar, wadda ni ta fi ɗaukar hankalina, ta mata ce zalla: Wake-Robin, wadda Helen Webb Harris ta kafa a 1937 a cikin gidanta da mata 13, da dama daga cikinsu matan 'yan Royal ne da suka gaji da zaman gida mazansu na can fili. A lokacin inda aka yarje wa baƙi su buga a Washinton wani ɗan fili ne kusa da ginin tunawa da Lincoln, inda bakin ramukan yashi ne maimakon ciyawa. A 1938 matan nan suka kai koke ga sakataren harkokin cikin gida Harold Ickes. Da aka ba su Langston ba su ce alhamdulillahi sun naɗe tabarma ba, don sun san abin da ake nufi: ga naku nan, ku bar mana namu. Suka ci gaba da matsa lamba, a 1941 wasu 'yan wasa baƙi suka shiga filin East Potomac na farar fata suka buga ana yi musu ihu da zagi, 'yan sanda na gadinsu, Ickes kuma ya tsaya a kan cewa filayen gwamnatin tarayya na kowa ne. Wake-Robin tana nan da ranta har yau. A 2022 ta cika shekara 85.

Saboda haka mai cewa an kai wa baƙar fatar Amurka baƙon wasa bai san gidan ba. A 1896 wani yaro ɗan shekara 16 mai ɗaukar jakar sanduna, John Shippen, ya shiga gasar US Open ta biyu a tarihi a Shinnecock Hills. Sauran 'yan wasan suka yi barazanar janyewa, shugaban hukumar da ta shirya gasar, Theodore Havemeyer, ya ƙi sauraronsu, yaron ya buga ya ƙare cikin na gaba-gaba. Ɗan turken katakon nan da ake ɗora ƙwallo a kai kafin bugun farko, wani likitan haƙori baƙar fata a Boston, George Grant, ya yi masa rajistar ƙirƙira a 1899, lokacin da mutane ke tara jiƙaƙƙen yashi da hannu su ɗora ƙwallo a kai. Abin da ya faru daga baya shi ne an rufe ƙofa da gangan. A 1934 ƙungiyar ƙwararru ta PGA ta rubuta a kundinta cewa sai farar fata ne zai zama ɗan ƙungiya, kuma wannan sharaɗi ya zauna daram har Nuwamban 1961, sai da babban lauyan gwamnatin Kalifoniya Stanley Mosk ya yi barazanar hana su gasa a jiharsa. A tsakanin nan baƙi suna da tasu ƙungiyar, UGA, da nasu gasannin, inda Ted Rhodes da Bill Spiller suka ƙarar da ƙuruciyarsu. Charlie Sifford ya samu shiga da shekaru sun fara ja, duk da haka ya ci gasar Hartford a 1967 da ta Los Angeles a 1969, amma bai taɓa taka filin gasar Masters a matsayin ɗan wasa ba. Lee Elder ne ya fara, a 1975. Shi Elder ɗin nan, wanda ya rasu a Nuwamban 2021, ya riƙe filin Langston na 'yan shekaru daga 1978.

Na matan ya fi ciwo, kuma shi aka fi binnewa. Ann Gregory ce mace baƙar fata ta farko da ta buga gasar ƙasa ta hukumar USGA, a 1956. Bayan shekara uku aka yi gasar a filin Congressional, ba nisa da Howard, aka bar ta ta buga amma aka hana ta zama cin abincin dare da sauran 'yan wasa. Althea Gibson, tsohuwar ɗalibar Florida A&M, wadda ta ci Wimbledon a 1957 da 1958, ta koma golf ta shiga ƙungiyar ƙwararrun mata ta LPGA a 1964. Sarauniyar tanis ta duniya, amma a wasu filayen a cikin motarta take sauya takalmi domin ba a barin ta shiga ɗakin 'yan wasa. Renee Powell ta biyo ta a 1967 bayan ta jagoranci matan Jami'ar Ohio State. Mahaifinta Bill Powell ya dawo daga yaƙin duniya na biyu aka hana shi buga wasa a filayen garinsu, bankuna suka hana shi rance, sai ya sayi gona a 1946 ya sheme ta da hannunsa, yana aikin gadi da dare, har ta zama filin Clearview. Duk lokacin da na ga rahoto a kan Howard ya cika shafi da maza ya ƙare da jimla ɗaya cewa akwai kuma ƙungiyar mata, sai in tuna cewa da ba don mata 13 a falon Helen Harris ba, da babu inda Curry zai tsaya ya yi jawabi.

Akwai masu cewa dokar 1972 da ake kira Title IX ce ta tilasta a yi ƙungiyar matan, tunda ta hana makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya fifita jinsi ɗaya. Da gaskiyarsu a wani gefe. Dokar ce ma ta sa hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta yarda a can baya a raba wa ƙungiyar mata cikakken tallafin karatu shida, ta maza huɗu da rabi. Amma doka ba ta koya wa yarinya riƙe sanda. Ana iya kafa ƙungiya a takarda don a cika sharaɗi, a bar ta ba kuɗin tafiya ba mai kallo.

Me ya sa ƙungiyar jami'a take da wannan nauyin? Saboda tsohuwar hanyar ta toshe. Shippen da Rhodes da Sifford da Elder duk daga ɗaukar jaka suka fito. Yaro yana bin mai gida rami zuwa rami, yana lura da iska da kwanciyar ciyawa, ranar da fili ba kowa ya ari sanda. Har 1982 masu ɗaukar jaka a gasar Masters baƙi ne 'yan filin Augusta. Da ƙananan motocin nan masu batir suka cika filaye, aikin ya mutu, makarantar talaka ta rufe. Hanyar da ta rage ita ce gasannin yara masu cin kuɗi, sannan jami'a. Tiger Woods kansa ta Stanford ya bi, ya ci kofin ɗalibai a 1996 kafin ya lashe Masters a 1997 da tazarar bugu 12. Aka yi ta cewa bayansa za a ga ambaliyar baƙi a wasan. Shekara 25 bayan haka, a 2022, ana iya ƙirga su da yatsu. Har ta kai wasu jami'o'in baƙar fata sun riƙa cika ƙungiyoyinsu da fararen fata da 'yan ƙasashen waje domin su iya gogayya, ita kuwa Howard tun shekarun 1970 ta rasa tata ƙungiyar.

Wannan hanyar da ta toshe a can, a wurinmu tana buɗe, mu ne dai ba mu dubanta. Na taɓa tsayawa a bakin shingen wani filin golf a nan Arewa da hantsi. Wani yaro da bai wuce shekara 14 ba, silifas ɗinsa ɗaya an ɗaure da waya, ya ajiye jakar Alhajinsa a gindin darbejiya yana jiran a gama amsa waya. Ya zaro wani guntun rodi da aka lanƙwasa wa baki, ya ajiye ƙwallon da ta tsage, ya karkata kafaɗa ya sake ta. Ta tashi ta sauka kusa da tuta fiye da inda ta Alhajin ta tsaya. Ya waiga ya ga ko an gan shi, ya mayar da rodin cikin ciyawa. Filin Rayfield na Jos ya haura shekara ɗari, akwai na Kano da Kaduna da Zariya, gasar Nigerian Open kuwa ita ce kofin farko da Sandy Lyle ya ci a matsayin ƙwararre a 1978, Vijay Singh ya ɗauke ta a 1988 da 1989. Masu riƙe da wasanni a jami'o'inmu da ke maƙwabtaka da waɗannan filaye, me ya hana ku ƙetara titi ku tambayi yaran nan ko sun gama sakandare?

In koma Howard, ga inda nake jin tsoro. Alkawarin Curry na shekara shida ne, a 2022 an riga an ci biyu. Golf ba ya kawo kuɗin ƙofa kamar ƙwallon kwando, ci kawai yake yi: jirgi, masauki, sanduna, kuɗin fili. Abin da ke riƙe ƙungiyoyin Stanford da Wake Forest shi ne tsofaffin ɗalibai da suka kafa asusu irin na waƙafi, ana juya uwar kuɗin ana ciyar da riba. A Wake Forest akwai tallafin karatu da Arnold Palmer ya kafa da sunan abokinsa Buddy Worsham da ya rasu a haɗarin mota a 1950, kuma 'yan wasa irin su Curtis Strange sun ci moriyarsa. Howard ta gane haka, shi ya sa daga 2021 ta fara taron neman gudummawa a filin Pebble Beach mai suna Bison at the Beach, da yake ɓaunar Amurka ce tambarin makarantar. Jami'ar da aka kafa a 1867, wadda ta yaye Thurgood Marshall da Toni Morrison da tsohuwar mataimakiyar shugaban ƙasa Kamala Harris, wadda Nnamdi Azikiwe ya zauna a ajinta, ba ta rasa tsofaffin ɗalibai masu hannu da shuni ba. Abin kunya ne a ce sai da baƙo, wanda a Davidson ya yi karatu, ya zo kallon fim sannan aka tuna da wasan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle hannun aro.

Kuma bibiyar ƙungiya ba ta ƙarewa ranar ɗaga kofi. Kaɗan ne cikin waɗannan ɗalibai za su ci abinci da sanda. Sauran za su zama lauyoyi da likitoci da ma'aikatan banki da suka san hanyar shiga filin da ake ƙulla ciniki tsakanin rami na tara da na goma, kuma su ne za a aika wa takardar neman taimako nan da shekara 20. Abokin shayina ya saurari duk wannan, ya juya kofinsa, ya tambaye ni sunan ko da mace ɗaya a ƙungiyar matan Howard. Na buɗe wayar na koma kan rahoton da aka turo mana, na karanta shi daga sama har ƙasa. Sunan Curry ya fito sau da yawa, na Odom ya fito, na koci ya fito. Na matan babu ko ɗaya.