Hutun ƙarshen shekara: Tsibiran Sao Tome ko duwatsun Kudancin Kaduna?

Duk lokacin da Disamba ta kawo jiki, hirar ma'aikatan tarayya a Abuja kan koma kan inda za a yi hutu. Masu hali kan ambaci tsibiran Bioko da Sao Tome da Principe, waɗanda aman wutar duwatsu ya haifar a Mashigin Tekun Gini, inda baƙi ke shiga jiragen ruwa suna zagaya gaɓa. Sai dai faɗuwar darajar naira tun 2023 ta sa irin wannan tafiya ta gagari mai albashi.

Ma'aikacin da ya yada zango a Samaru Kataf, a ƙaramar hukumar Zangon Kataf, zai ga dangin waɗannan duwatsu ba tare da fasfo ba. Masana ilimin ƙasa sun lissafa tsaunukan Kagoro, da ke kusa da garin, cikin duwatsun yankin Jos waɗanda saiwoyi ne na tsofaffin duwatsu masu aman wuta. Ruwan sama da iska sun cinye kawunansu cikin miliyoyin shekaru, gindin ya rage.

Daga waɗannan tsaunuka ruwa ke gangarowa zuwa Matsirga, kusa da Madakiya a kan hanyar Kafanchan, inda yake zubowa daga kan dutse zuwa cikin kwazazzabo. Da damina ya fi ƙarfi, da rani kuma ya fi sauƙin kusanta. Wanda ya tsaya har 1 ga Janairu zai tarar da bikin Afan na mutanen Kagoro. A ƙaramar hukumar Jaba kuma akwai ƙauyen Nok, wanda sunansa ya zama na tsoffin gumakan yumɓu da aka fara tonowa a 1928.

Babban cikas shi ne tsaro. Hare-haren da aka sha kai wa ƙauyukan yankin sun sa hatta 'yan asalinsa da ke aiki a Abuja na taƙaita ziyara, lamarin da ke rage cinikin masu masauki da direbobi da masu sayar da citta. Mai niyyar zuwa ya yi tafiyar rana, ya tuntuɓi 'yan gari kafin ya kama hanya, ya kuma nemi ɗan jagora kafin ya hau dutse.