Wane Ne Gwanin Shotstof a Wasan Besbol?

A wasan besbol na Amurka, ɗan wasan da ke tsaron gibin tsakanin zango na biyu da na uku shi ake kira shotstof. Gardamar wanda ya fi kowa ba ta ƙarewa, gama ma'aunin biyu ne: cafe ƙwallo da bugunta da kulki.

Wajen cafewa, Ozzie Smith ya ci kyautar Gold Glove sau 13 a jere. Cal Ripken kuwa ya buga wasanni 2,632 babu fashi, daga 1982 zuwa 1998 (masu fashin aji su lura). Amma ni Honus Wagner na Pittsburgh nake sawa gaba, domin ya haɗa duka biyun. Sau 8 yana zama zakaran bugu a rukuninsu, kafin ya yi ritaya a 1917.