Layin Waya Marar Kati da Guzurin Maniyyaci

Mutanen ƙasar Haɗeja ba baƙin tafiya ba ne. Tun kafin jirgin ƙasa ya ratsa Malam Madori ya kai Nguru a 1930, akwai bayin Allah daga wannan yanki da suke ɗaura niyyar sauke farali, su bi ta Barno da Wadai da Darfur har gaɓar Bahar Maliya, suna tafe suna noma da ƙodago domin guzuri, alhali iyalansu ba su da labarinsu sai abin da wani alhaji mai komowa ya kawo bayan shekaru. Yau kuwa maniyyacin Kaugama yakan tashi daga filin jirgin sama na Dutse da hantsi ya kwana a Madina, kuma kafin ya ajiye jakarsa a masauki, uwargida da 'ya'ya sun ƙagu su ji muryarsa. Saboda haka mas'alar layin da zai yi magana da shi ta shiga cikin guzuri, kuma ta cancanci a yi mata bayani.

Hanyoyi biyu aka saba da su. Ko dai mutum ya tafi da layinsa na gida, na MTN ko Airtel ko Glo, ya yi abin da ake kira romin, wanda galibi tsadarsa kan cinye kuɗin da aka sa tun ba a gama gaisuwa ba. Ko kuwa ya sayi layin ƙasar da ya sauka, kamar STC ko Mobily ko Zain a Saudiyya, bayan ya nuna fasfo an yi masa rajista. Ta uku, wadda ta shigo daga baya, ita ce eSIM.

Haƙiƙar abin ba ta da wuyar fahimta. Ɗan katin nan da muke sakawa a waya, amfaninsa shi ne bayanan da ke cikinsa, waɗanda da su kamfani yake shaida mai layi. To, sai masu ƙera waya suka dasa irin wannan ma'ajiya a cikin jikin wayar tun daga masana'anta, ta yadda za a iya aiko mata da bayanan layi ta intanet, a rubuta, a goge, a sake rubuta wani. Ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta duniya, GSMA, ta fitar da ƙa'idarsa a 2016. Apple ya sa shi a iPhone a 2018, har ma iPhone 14 da aka sayar a Amurka a 2022 ba ta da gurbin kati sam. A Nijeriya MTN da 9mobile suka fara ba da shi a 2020, Airtel ya biyo baya a 2023.

Amma na matafiya, wanda kamfanoni irin su Airalo suke sayarwa, sha'aninsa dabam ne. Waɗannan ba su da turakun sadarwa a Makka ko Dubai ko Alƙahira. Kamar 'yan sarin riɗi suke, sun sayi data da yawa a hannun masu turaku, suna yankawa suna sayarwa giga ɗaya, ko biyar, ko goma, na mako guda ko na wata. Mutum yana zaune a ɗakinsa a Kaugama zai biya, a aiko masa da wani hoto mai kusurwa huɗu na ɗige-ɗigen baƙi da fari da ake kira QR, ya haska shi da kyamarar wayarsa, layin ya zauna. Idan jirgi ya sauka a Jidda ya kunna, sai sabis ya kama, ba tare da ya tsaya jerin gwano yana fama da Larabcin da bai iya ba. Babbar fa'idarsa a ganina ita ce kuɗin a ƙayyade yake, an biya tun farko, babu bashin da zai biyo baya, kuma layin gida yana nan a gurbinsa, lambar WhatsApp ba ta sauya ba.

Sai dai akwai sharuɗɗa, kuma wanda ya saya bai san su ba ya yi cinikin garari da kansa. Na farkonsu wayar ce. Mafi yawan Tecno da Itel da Infinix da ke hannun jama'armu ba su ɗaukar eSIM, haka nan yawancin iPhone da aka ƙera domin kasuwar ƙasar Sin, kuma wayar hannu da aka shigo da ita daga Turai ko Amurka tana iya zuwa a ɗaure da kamfani guda, ta ƙi karɓar layin wani. Gwajin mai sauƙi ne: a danna *#06#, in wata doguwar lamba mai suna EID ta fito, akwai alamar wayar tana ɗauka. Bayan wannan sai biya, domin da kuɗin waje ake ciniki, kuma ba kowane katin banki ke wucewa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne galibin waɗannan layuka data ce zalla, babu lambar kira. Alhajin da tsohuwarsa take ƙauye da ƙaramar waya mai madannai ba zai same ta da shi ba, sai dai ya kira wani ɗa mai babbar waya ya kai mata. Haka kuma direba ko mai masauki a Makka ba shi da lambar da zai neme shi. Saƙon banki mai lambar sirri ma ta layin gida yake zuwa, don haka kada a cire shi, a dai kashe masa data, in ba haka ba ya riƙa jan kuɗin romin a ɓoye. A sauke layin tun ana gida inda intanet take da ƙarfi, a karanta ko kwanakin suna fara ƙirguwa daga ranar saukewa ko daga ranar kama sabis, kuma kada a goge shi bisa kuskure, domin sau da yawa hoton nan sau ɗaya tak yake aiki.

Hukuncina a nan shi ne, ɗan kasuwa ko ɗalibi ko mai Umara da zai yi kwana goma, ko wanda zai ratsa ƙasashe biyu ko uku, eSIM maslaha ce gare shi. Mai aikin Hajji da zai shafe kusan wata guda ko fiye, layin Saudiyya mai lamba ya fi masa, ko da zai riƙe ɗan ƙaramin eSIM na kwanakin farko. Mai fataucin dabbobi tsakanin Maigatari da Damagaram kuwa, layin Nijar da ya saba da shi ya wadatar. Ina roƙon Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Jigawa da malaman bita su ware wa wannan babi ko da rabin sa'a, tun da yanzu manhajar Nusuk, wadda da ita ake neman izinin shiga Rauda a Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ta aiki sai da data.

Kuma a sani cewa eSIM a kan turakun STC da Mobily da Zain ɗin nan yake hawa, saboda haka ranar da jama'a suka cika Mina da Arfa, in sabis ya yi nauyi, zai yi wa mai kati da marar kati baki ɗaya. Don haka kowane maniyyaci ya rubuta sunan masaukinsa da lambar shemarsa da lambar jami'in ƙaramar hukumarsa a takarda, ya sa a jakar da yake ratayawa a wuya.